Yadda za ka buɗe wa tsohonka littafin awo a gida, irin na masu binciken tsufa

Da ƙaramar Sallar 2019 ƙanwata ta zo daga Jos, ta gaida Baba a zaure, ta shigo cikin gida ta ja ni gefe ta ce, "Yaya, Baba ya rame fa." Na ce mata ina, haka yake. Ni da nake kwana gida ɗaya da shi, kullum muna sallar asuba tare, ban ga komai ba. Bayan sati biyu na kai shi asibiti kan tari, likita ya ɗora shi a sikeli, ya dube ni ya ce, "Bara nawa ne nauyinsa?" Na yi tsuru-tsuru. Malamin lissafi ne ni, shekara ashirin ina riƙe da rajistar 'ya'yan mutane, na san wanda makinsa ya sauka daga zango zuwa zango, amma mahaifina ba ni da lamba ko ɗaya a kansa. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Idon da yake kallon mutum kullum shi ne na ƙarshe da zai lura ya canja.

Daga nan na shiga karanta yadda masana suke bin tsufa, na tarar dabararsu ba ta fi ƙarfin mai littafi da biro ba. A 1958 wani masani mai suna Nathan Shock ya fara wani bincike a birnin Baltimore na Amurka, wanda har yau ba a rufe shi ba. Mutane masu lafiya suke sa kansu, su riƙa dawowa ana auna su har ƙarshen rayuwarsu: wanda bai kai 60 ba duk shekara huɗu, daga 60 zuwa 79 duk shekara biyu, daga 80 kuma kowace shekara. Da maza kaɗai aka fara, sai a 1978 aka shigo da mata, kuma sama da mutum 3,000 sun bi ta cikinsa. Manyan abubuwa biyu suka fito. Na ɗaya, tsufa daban, cuta daban, da yawa daga abin da ake jingina wa shekaru ciwo ne da yake da suna da magani. Na biyu, babu jadawali guda da kowa yake tsufa a kansa. Ko a aikin ƙoda, da aka ɗauka dole ya ragu da shekaru, sun tarar kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka bi bai ragu ba.

Me ya sa sai an bi mutum ɗaya shekara da shekaru? Ɗauki misalin unguwarku. Ka tara 'yan shekara 75 da 'yan shekara 35 yau, ka ba su jarida su karanta. Tsofaffin da yawa ba za su iya ba. In ka yi gaggawa sai ka ce tsufa yana goge karatun boko daga kai, alhali yawancinsu sun wuce shekarun firamare kafin shirin ilimi kyauta na 1976. Bambancin zamani ka auna, ba na tsufa ba. Haka yake in ka gwada Baba da maƙwabcinsa. Abokin gwajin Baba na gaskiya shi ne Baban bara, kuma ba za ka same shi ba sai in ka rubuta shi.

Kayan aikin ba su da yawa. Littafi mai bango mai tauri irin na rajista, kada ka dogara da waya, don waya tana faɗuwa a ruwa kuma ana sace ta. Sikelin tsayuwa. Na'urar awon hawan jini ta damtse, ba ta wuyan hannu ba. Tef ɗin tela, wanda ni ban saya ba, domin Baba ya yi shekara arba'in a kan keken ɗinki a Sabon Garin Zariya. Sai kujera mai tauri marar hannu, da agogon wayarka mai ƙirga sakan, da alli.

Kafin duk wannan akwai abin da ya fi wuya, wato samun yardar mai jikin. Tsoho ba ɗalibinka ba ne. Ranar farko da na zo da sikeli, Baba ya dube ni ya ce, "Malam, buhun masara ka mai da ni?" (Ba ya kiran sunana, ni ne ɗan fari.) Abin da ya yi mini aiki shi ne na fara hawa sikelin da kaina, na rubuta nawa a gabansa, sannan na ce, "Baba, likita ne ya tambaye ni ran nan na ji kunya, ku taimaka mini." Masu bincike ma sai sun nemi izini a rubuce kafin su taɓa kowa, kuma duk ranar da mutum ya ce ya fasa, ya fasa. Ranar da tsohonka ya ce ba yau ba, naɗe tef ɗinka. Game da Inna kuwa, ban taɓa gwada auna ƙafarta ba, matata da ƙanwata suke yi a ɗaka, su miƙo mini lambobin.

Shafin farko na shekaru ne, kuma a nan za ka yi ɗan aikin tarihi. Katin shaidar Baba ya ce an haife shi 1 ga Janairu 1945, kamar tsofaffi da yawa a ƙasar nan. Ka tambaye shi da abubuwan da suka faru: zuwan Sarauniyar Ingila Kaduna a 1956, samun 'yanci a 1960, komawar tuƙi hannun dama a 1972, canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973, farin da aka yi a farkon shekarun 1970. Baba ya ce azumin da aka kashe Sardauna a cikinsa shi ne azuminsa na farko cikakke. Wannan Janairun 1966 ne, kuma lallai cikin Ramadan abin ya faru. In yana da 14 ko 15 a lokacin, haihuwarsa ta kama wajen 1951. Shekara shida katin ya ƙara masa. A shafin nan kuma ka rubuta cututtukan da aka taɓa tabbatar masa, da aikin tiyata in an yi, da abin da ya yi ajalin iyayensa in an sani, da sunan kowane magani da yake sha, har da na gargajiya, da jiƙo, da ƙwayoyin ciwon jiki da ake saya a kemis ba tare da takarda ba. Waɗannan na ƙarshe su ne ba a faɗa wa likita, kuma wasunsu suna taɓa ƙoda da ciki in an daɗe ana sha.

Sai ka tsayar da lokaci. Ni sau biyu a shekara nake yin cikakken awo, farkon Janairu da farkon Yuli, da hantsi, ranar Asabar. Da farko na so na ɗaura shi da watannin Musulunci don sauƙin tunawa, sai na ga suna zagaya yanayi, alhali hawan jini yakan ɗan ƙaru da sanyi, nauyi kuma yakan sauka bayan azumi. In awon ya faɗo cikin Ramadan ko mako biyu bayansa, ka rubuta hakan a gefe. Sirrin duka aikin shi ne maimaitawa iri ɗaya: sikeli ɗaya, a daɓe ɗaya mai tauri, babu babbar riga, babu takalmi, kafin karin kumallo. In ka canja sikeli, ka rubuta ranar da ka canja.

Nauyi ya fi komai sauƙi, shi ya sa nake yinsa duk wata. Ƙa'idar da likitoci suke bi ita ce, in mutum ya rasa kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a wata shida zuwa shekara ba da niyya ba, a nemi dalili. Ga mai kilo 60, kilo 3 ke nan, abin da babbar riga take ɓoyewa sarai. A 2022 na Baba ya sauko daga 66 zuwa 62. Na tafi da littafin, aka gwada suga da jini da ƙirji, duk lafiya. Ashe turame biyu ne suke girgiɗa, ya daina cin nama da gyaɗa da duk abin da sai an tauna, bai gaya wa kowa ba. Aka cire su, Inna ta koma yi masa dambun nama da faten wake, cikin wata huɗu kilo uku suka dawo. Tare da nauyi ka zagaya tef a inda tsokar bayan ƙwauri ta fi kauri, yana zaune. Ƙasa da santimita 31 alama ce ta tsoka tana zaizayewa, ko da tumbi yana nan.

Hawan jini zan ɗan daɗe a kansa, domin a nan aka fi yin kuskure. A da likitoci kansu suna ganin hawansa da shekaru abu ne na al'ada. Shugaban Amurka Roosevelt ya rasu a 1945 jininsa ya kai wajen 300 bisa 190. A 1948 aka fara bin mutum 5,209 a garin Framingham na Amurka, ana duba su duk shekara biyu, aka ɗora da 'ya'yansu a 1971, da jikokinsu a 2002. Daga nan duniya ta tabbatar cewa hawan jini, da taba, da kitsen jini, da suga, su ne suke share wa bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki hanya, kuma shekaru ba sa mai da hawan jini halal. Ga yadda za ka auna: kada ya ci goro, ko ya sha shayi mai ƙarfi ko taba, rabin awa kafin nan. Goron nan shi ne rigimarmu da Baba kowane karo. Ya yi fitsari tukuna, ya zauna a kujera ya jingina bayansa, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, ya huta minti biyar. Hannun a kan tebur daidai ƙirji, maɗaurin a kan fata, ba a kan hannun riga ba. Ba magana, ba amsa gaisuwa, don haka ka rufe ƙofar zaure. Ka auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, ka rubuta duka biyun da bugun zuciya. A gida, in yana yawan kai 135 bisa 85 ko sama, magana ce ta likita. In ya kai 180 bisa 120, musamman da ciwon kai mai tsanani, ko ciwon ƙirji, ko nauyin harshe, ajiye littafin ka nemi mota.

Akwai ƙarin da mutane ba su sani ba. Bayan ya kwanta minti biyar ka auna, sannan ya miƙe tsaye ka sake aunawa bayan minti ɗaya da bayan minti uku. In lambar sama ta faɗi da 20 ko fiye, ko ya ce yana ganin jiri, ka gaya wa likita. Wannan ne yake kayar da tsofaffi in sun tashi fitsarin dare, kuma sau da yawa maganin hawan jinin ne ya yi yawa. Kada kai ka rage masa da kanka.

Awon da na fi so shi ne na tafiya. A 2011 aka haɗa bayanan bincike tara na dogon zango, mutum sama da 34,000 masu shekara 65 zuwa sama, aka ga saurin tafiyar mutum ta yau da kullum, in an haɗa da shekarunsa da jinsinsa, yana nuna tsawon ran da ya rage kusan daidai da tarin bayanan asibiti. Dalilin a fili yake: tafiya tana buƙatar zuciya da huhu da tsoka da jijiya da ido da ƙwaƙwalwa a lokaci guda, in ɗaya ya fara gazawa sai ƙafa ta tona. Ka auna mita 4 a tsakar gida inda babu rami, ka ja layi biyu da alli. Ya yi tafiyarsa ta zuwa masallaci, ba ta wanda zai rasa raka'a ba. In yana dogara sanda ya riƙe ta, ka rubuta "da sanda". Ka yi sau biyu ka ɗauki mafi sauri. Sakan 5 a mita 4 shi ne mita 0.8 a sakan, kuma nan ne iyakar da masana suke sa ido. Da na yi wa Baba wannan bayani sai ya ce, "Sannu ba ta hana zuwa." Na ce, "Haka ne Baba, sai dai a daɗe ba a je ba, daɗewar nake rubutawa." Kada ka mai da wannan lamba duba. Rai na Allah ne, kuma abin da binciken ya nuna matsakaicin dubban mutane ne. Amfaninta gare ka shi ne ka ga wanda yake yin sakan 4 bara ya koma 6 bana, ka tambayi me ya faru: gwiwa ce, ko numfashi, ko ido, ko tsoron faɗuwa.

Daga nan kujera. Ka jingina ta da bango, ya zauna ya rungume hannuwa a ƙirji, ya tashi ya zauna sau biyar da iyakar saurinsa, kana tsaye kusa da shi. Fiye da sakan 15, ko kasa tashi sai da dafawa, yana nuna cinyoyi sun yi rauni. Mu kam muna da awon da Turawan Baltimore ba su da shi, sau biyar a rana: tashi daga sujada. Ka rubuta watan da ya fara dafa bango, da watan da ya fara sallar nafila a zaune, da ranar da tsugunno a bayi ya fara gagararsa. Wannan na ƙarshe ba zai faɗa maka ba, sai ka lura da daɗewarsa.

Ƙarfin damƙa ma ana aunawa. Wani bincike da ya bi mutum kusan 140,000 a ƙasashe 17 ya nuna a 2015 cewa raguwar kilo 5 a ƙarfin damƙar hannu tana tafiya da ƙarin haɗarin mutuwa na kashi 16 cikin 100. Na'urarsa ba ni da ita, don haka tambaya nake yi: Inna tana iya matse zani in ta wanke? Tana buɗe murfin kwalba? Tana ɗaga bokiti rabi?

Ji da gani kada ka bar su a "ai tsufa ne". A cikin mutanen Baltimore ɗin nan aka bi 639, aka ga masu ɗan raunin ji haɗarin kamuwarsu da cutar mantuwa ya kusa ninki biyu, masu rauni mai tsanani kuma kusan ninki biyar. Ka tsaya bayansa tazarar hannu, ya toshe kunne ɗaya, ka raɗa lambobi uku ya maimaita. Wani lokacin dattin kunne ne kawai ya taru. Ido kuma a kai shi asibitin ido sau ɗaya a shekara, domin yanar ido ana cire ta da aiki, amma hawan jinin ido yana cin gani a ɓoye, abin da ya ci kuma ba ya dawowa.

Sai ƙwaƙwalwa, inda ya kamata ka fi taka-tsantsan. A nan binciken da ya fi kusa da mu a Ibadan aka yi shi. Daga 1992 likitocin Ibadan da na Indianapolis suka bi tsofaffin Yarbawa da tsofaffin baƙaƙen fatar Amurka da ma'auni iri ɗaya, wajen shekara ashirin. Sakamakon 2001 ya nuna masu kamuwa da cutar mantuwa a Ibadan a kowace shekara ba su kai rabin na Indianapolis ba. Abin da na ɗauka daga tsarinsu shi ne ba tsohon kaɗai suke tambaya ba, suna zama da wani na kusa da shi su tambaye shi abin da ya canja. Ni ma haka nake yi. Ba na titsiye Baba da "yau wace rana", cin fuska ne. Cikin hira nake ambata abubuwa uku da zan sayo, bayan minti biyar na ce, "Baba, me ma na ce zan sayo?" Sannan na tambayi Inna a keɓe: yana maimaita tambaya ɗaya? Yana rikicewa a canjin kuɗi? Ya taɓa ɓata a hanyar da ya sani? Surorin da ya haddace suna kakare masa? Manta inda aka ajiye carbi ba komai ba ne. Amma abin da muke kira gigin tsufa cuta ce, ba dole ba ce ga kowane tsoho, kuma ba maita ba ce, ba aljanu ba. In kuwa rikicewar ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, wannan wani abu ne daban: zazzaɓi, ciwon fitsari, faɗuwar suga ko rashin ruwa a jiki suna kawo shi, kuma asibiti ake zuwa ranar.

Layin ƙarshe a shafina ba na jiki ba ne. Binciken jami'ar Harvard ta Amurka da aka fara a 1938, wanda ya bi maza 724 tun suna samari, ya gano cewa gamsuwar mutum da mu'amalarsa da na kusa da shi yana ɗan 50 ta fi kitsen jininsa nuna yadda lafiyarsa za ta kasance a 80. Muna taƙamar mu ba ma barin tsofaffinmu su kaɗai, amma tsoho yana iya zama cikin gida mai mutum talatin ya wuni ba wanda ya zauna da shi. Nakan rubuta sau nawa ya fita majalisa a mako, su wa suka rage cikin abokansa, da sau nawa yake tashi fitsari da dare, da ko ya faɗi tun awon baya. A Yulin 2023 majalisar Baba ta koma sifili bayan rasuwar amininsa, a awon da ya biyo baya lokacin tafiyarsa ta mita huɗu ya ƙaru da kusan sakan ɗaya. Ba zan rantse ɗaya ne ya jawo ɗaya ba. Na dai sa ɗana ya riƙa raka shi tsohon shagonsa duk Talata da Alhamis, inda yaransa na da suke ɗinki, ya zauna ya yi ta kushe musu wuyan riga.

In za ka asibiti ka tafi da littafin, amma kada ka zube wa likita shafi talatin, layi yana jiransa. Ka fitar da takarda guda: nauyi, hawan jini da tafiya na awo uku na baya, da jerin magunguna. Lamba ɗaya da ta kauce ba ta isa tayar da hankali ba, ka sake aunawa bayan mako biyu. Sau uku a jere tana gangara waje ɗaya, wannan ita ce maganar da za ka kai.

Kowane mutum ka ba shi rabonsa a littafin. Baba yana gaba, Inna tana tsakiya, na juya littafin ta baya na buɗe nawa, tunda na haura 45 kuma masu binciken nan tun daga ƙuruciya suke fara bin mutum. Baba ne yake riƙe mini agogo in zan yi tafiyar mita huɗun, kuma a Janairun da ya wuce sai da ya sa na sake, wai na yi sauri da gangan.